Bokitan Masara a Bayan Gidan Baba

Shekara goma sha huɗu na yi ina wanke kwalaben gwajin wasu kafin in yi gwaji nawa na kaina. A ɗakin binciken ƙasa na wata makarantar aikin gona nake aiki, nan Kaduna. Ɗalibai su zo da ƙasarsu a leda, in shanya musu, in tankaɗe, in auna, in nuna musu inda za su danna a jikin na'ura, su rubuta littafinsu su tafi. Wasu daga cikinsu sun dawo suna koyarwa, na koma ina ce musu yallaɓai. Ban taɓa jin haushin kowa ba, amma abin yana raina.

Ina da shekara arba'in da ɗaya, da 'ya'ya uku, na shiga karatun ƙarshen mako don neman babbar difloma. A shekarar ƙarshe kowa sai ya yi aikin bincike. Malamin da aka haɗa ni da shi dattijo ne, mazaunin Unguwar Sanusi, mai magana a hankali kamar ba ya son ta ƙare. Kowa Malam yake ce masa. Ya san ni tun ina sabuwar ma'aikaciya, don haka bai yi mini dogon jawabi ba.

"Kin san jar ƙasar nan tamu rowa gare ta," in ji shi. "Manomi ya sayi buhun sufa ya zuba, ta kama fosfaras ɗin ta riƙe, masara ba ta samun rabinsa."

Na sani. Fosfaras shi ne abincin da shuka take buƙata don saiwa da ƙwaya, shi ake nema a cikin takin sufa. Ba ya bin ruwa kamar gishiri, inda ya faɗi nan yake zama. Saiwa ta cinye na kusa da ita, na nesa kuwa sai haƙuri. Sai dai akwai wata irin fumfuna a cikin ƙasa, dangin naman kaza, wadda ido ba ya gani. Takan shiga cikin saiwa ta zauna, ta miƙa zaruruwa da suka fi gashi siranta zuwa inda saiwar ba ta kaiwa, ta jawo fosfaras ta ba shuka, ita kuma shukar ta ba ta daga zaƙin da take haɗawa a ganye.

"Duk wannan a rubuce yake," in ji Malam. "Abin da nake so ki auna mini shi ne ko haka abin yake a ƙasarmu da masararmu, kuma taimakon ya kai yaya. Bokiti talatin da shida. Rabi da fumfuna, rabi babu. A kowane rabi, wasu ba taki, wasu rabin taki, wasu cikakke. Sati shida ki yanke ki auna."

A baki abin ba wuya. Wuri ne babu. Iska ta yaye rufin rumfar gwaji ta makaranta, ɗan gefen da ya rage kuma ɗaliban digiri sun cika shi. Ni kuwa haya nake a bene, ko tukunyar fure ba ni da inda zan ajiye. Sai na nufi gidan iyayena a Unguwar Boro, inda akwai fili a baya tsakanin rijiya da akurkin kajin Mama.

Baba ya zo Kaduna daga kudancin jiha yana saurayi, ya shiga masaƙa a Kakuri, sashen rini. Sama da shekara ashirin yana haɗa launi. Da aka rufe masaƙun ya samu gona a Rido, can wajen matatar mai, ya koma noman da ya baro a ƙauye. Ba ya maganar masaƙa. In muna cikin mota muka bi ta Kakuri, sai ya shiga gyara hularsa har mu wuce. Uwata yake kirana, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Na yi masa bayani a tsaye, a gurguje, yana wasa fartanya. Ya saurara har na gama.

"Uwata, ƙasa dai ga ta nan a Rido, ɗebi iya son ranki. Fili ma ga shi. Amma masara a bokiti ban san me za ta gaya miki ba."

Duk da haka shi ya nuna mini inda zan samo fumfunar. A gefen gonarsa akwai wata tsohuwar ɗorawa, ƙarƙashinta garma ba ta taɓa shiga ba. Ya ce duk ciyawar da ta tsiro a nan ƙatuwa ce, ko a shekarar da ruwa ya yi gardama. Na tono saiwoyin ciyawar da ƙasar da ke manne da su, na kai wa Malam. Ya duba a madubin da muke ganin ƙananan halittu da shi, ya ɗago ya ce mahaifina ya san gonarsa.

Kafin a shuka, dole a kashe duk wani abu mai rai a cikin ƙasar da tururi, in ba haka ba fumfunar da ke cikinta tun asali za ta rikita gwajin. Tukunyar da muke da ita a ɗakin gwaji ba ta ɗaukar fiye da kwano biyu. Na je Kakuri wurin wani mai walda ɗan Ibo da ya daɗe yana yi wa cocinmu ƙofofi, na zana masa abin da nake so a bayan takarda: duro, da raga a ciki ta tsaya sama da ruwa, da murfi mai kamawa.

"Madam, wetin za ki dafa a wannan? Alalar biki?"

"Ƙasa, Oga."

Ya cire gilashin walda ya dube ni da kyau. Da na yi masa bayani sai ya karɓi biron, ya ƙara wata 'yar ƙofa ta ƙasa don zuba ruwa ba sai an buɗe murfi ba, da ƙafa uku don itace ya shiga. Ya ce in tururi ya fita kowane lokaci, aikin banza na yi. Ya fi ni gaskiya. Duron nan har yau shi ake amfani da shi a makarantarmu.

Kwana huɗu muna turara ƙasa a buhuna kamar dambu. Maƙwabta suna leƙowa ta katanga, Mama tana ce musu 'yarta ce ta yi karatu har ya kai ta ga dafa ƙasa. Na wanke bokitan fenti talatin da shida, na huda gindinsu, na cika, na sa wa rabi cokali biyu na ƙasar gindin ɗorawa, sauran rabin na sa musu cokali biyu na irinta amma turarriya. Na rubuta lamba a jikin kowanne, na shuka. Tunda ni sai Asabar nake samun zuwa, na bar wa Mama ban ruwa. Abin da na ce mata kawai shi ne kowane bokiti gwangwani ɗaya, safe da yamma.

A sati na uku bambanci ya fara fitowa. Waɗanda ba su da taki ba su da fumfuna suka tsaya gajeru, sirara, bakin ganyensu ya yi ja kamar an tsoma a zoɓo, alamar yunwar fosfaras ke nan. Na yi ta murna ina ɗaukar hoto da waya. Ban lura da fuskar Mama ba.

Asabar ɗin sati na biyar na shigo da rula a hannu, na tsaya cak. Waɗannan gajerun sun yi kore shar, sun yi kauri, har suna neman wuce masu fumfuna. Na auna, na sake aunawa. Na ɗauka duk abin da na karanta bai shafi ƙasarmu ba, ko kuma ni ce ban iya ba, shekara goma sha huɗun nan wankin kwalba kawai na iya. A keke mai ƙafa uku na yi kuka har gida, ina juya fuska kada direba ya gani.

Ran Litinin na nuna wa Malam littafina. Ya daɗe yana duba lambobin.

"Rubuta abin da kika gani, kada ki goge komai," in ji shi. "Sannan ki koma ki tambayi mutanen gidan. Masara ba ta canza hali a sati ɗaya haka kawai."

Da yamma na tashi aiki na wuce Unguwar Boro. Baba ya bi ni bayan gida, ya tsuguna gaban bokiti na farko, ya ɗebi ƙasa da yatsa biyu ya kai hanci.

"Kashin kaji ne," in ji shi.

Mama tana zaune a ƙofar kicin tana tsince wake. Ba ta ko yi musu ba.

"Ni na zuba. Na jiƙa shi a ruwa na ba su. Ina ji ina gani abu yana mutuwa a gidana, ga magani a akurki, in naɗe hannu?"

A nan na faɗi maganar da har yau in na tuna sai na ji kunya. Na ce shi ya sa ba a son sa wanda bai je makaranta ba cikin aikin ilimi. Mama ta ajiye tiren wake a hankali ta shige ɗaki. Ita ce ta sayar da ƙosai a bakin titi shekara da shekaru har na gama sakandare.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya goge yatsunsa a wando ya ce, "Uwata, wa ya bayyana mata abin da ake nema? A masaƙa in lebura ya ɓata rini, ogansa ake tambaya, don shi ya san abin da ke cikin takarda. Ke kika san dalilin da ya sa aka bar wasu da yunwa. Kin gaya mata?"

Ban gaya mata ba. Shi ma kansa ban gaya masa yadda ya kamata ba. Na shiga ɗaki na durƙusa gaban Mama na ba ta haƙuri. Ta bar ni a durƙushe na ɗan lokaci, kuma na cancanta. Daga baya na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta na faro bayani daga tushe, cewa in ba a bar wasu babu komai ba, ba yadda za a gane ko fumfunar ce ta yi aiki.

"To, ashe azumi kika sa su," in ji ta. "Da kin ce mini azumi suke yi, wa zai kai musu abinci?"

Babu gyara, sai sabon zubi. Kusan wata biyu sun tafi a banza, abokan karatuna har sun fara rubutu, ga damina ta kawo kai. Na tsaya a bayan gida ina kallon bokitan ina tunanin ko in roƙi Malam ya canza mini aiki mai sauƙi. Sai Baba ya ce in kawo masa takardar tsarin gaba ɗaya, in karanta masa layi-layi, in fassara. Muka zauna a kan benci har rana ta faɗi. Tambayoyinsa suka ba ni mamaki. Ya ce gwangwanin Mama wani lokaci a cike, wani lokaci da saura, wannan ba awo ba ne. Ya ce bokitan da ke jikin katanga sun fi samun inuwa, yaya zan raba aikin inuwa da aikin fumfuna? Ya ce in ruwan sama ya bugi ƙasar wannan bokiti ta fantsama cikin wancan, ai an gauraya.

"Wannan aikin na san shi," in ji shi. "Rini ne, launin ne kawai ba iri ɗaya ba. Bar mini ban ruwan."

Muka sake ɗebo ƙasa daga Rido, muka sake turarawa. Baba ya kafa rumfa da gora ya rufa mata farar leda, ya jera katakai a kan bulo don bokitan su bar ƙasa, ya bar tazarar taƙi ɗaya tsakanin kowane biyu. Na rubuta lambobin a 'yan takardu muka zuba a hularsa, Mama ta riƙa zaro su ɗaya-ɗaya, lambar da ta fito ita ke ɗaukar wuri na gaba, don kada son raina ya zaɓa wa wani bokiti wuri mai kyau. Ya yanka robar ruwa ya yi mata layi da wuƙa, iya nan ruwa zai tsaya. Duk bayan kwana uku sai ya auna tsayin kowace masara ya rubuta da rubutunsa mai kwanciya gefe, a littafin da jikarsa ta bari. Hatta hannu sai ya wanke tsakanin masu fumfuna da marasa ita.

Mama kuma aka ware mata bokiti shida nata na kanta, can jikin kicin, ta ciyar da su yadda ta ga dama. Suka yi girma fiye da kowanne a gidan. In 'yan zumuntar mata suka zo gaishe ta sai ta kai su baya ta nuna, ta ce ga nata, ga kuma na 'yan boko. Wata rana tana raka ni bakin titi ta ce mini, a hankali, rabon da ta ga Baba yana tashi da sassafe yana fito tun ana busa ƙahon masaƙa.

A wannan karon da masu azumi suka yi ja suka tsuke, ba wanda ya taɓa su. Mama takan wuce ta gabansu ta kau da kai.

Ranar da sati shida suka cika muka yanke kowace masara daga gindi, muka sa a ambulan mai lambarta. Saiwoyin muka wanke a bakin rijiya da rariya, a hankali, don sirarun ne ake so kuma su suka fi saurin tsinkewa. A makaranta na busar da ganyen a tanda, na auna nauyi, na niƙa. Saiwoyin kuma na yayyanka gajeru, na dafa su a ruwan soda mai ƙarfi har suka yi fari kamar taliya. Saura rini, don fumfunar ba ta ganuwa sai an rina ta. Na buɗe kwalbar rinin da ke sito na tarar ta bushe ƙaf. Malam bai damu ba. Ya ce in sayo tawadar alƙalami da binega, ruwan tsamin nan na girki, a kanti, in haɗa, in tafasa saiwar a ciki. Na ɗauka wasa yake yi.

Na ɗora na farko a gilashi na leƙa madubi. Na sha ganin hoton abin a littafi, amma wannan daga gindin ɗorawar Baba ya fito, ta hannuna. Zaruruwa shuɗɗa sun ratsa cikin saiwar kamar hanyoyin ƙafa a daji. A wasu wuraren sun shiga cikin ƙwayar saiwar sun yi rassa, kamar wata 'yar bishiya da aka shuka a cikin ɗaki, a nan ne ake musayar abincin. Ga kuma wasu ƙulle-ƙulle masu kama da ƙwan kifi. Na ɗauko ta bokitin da ba a sa wa fumfuna ba. Tas take, kamar gilashin taga. Ashe wanke hannun Baba da tazararsa sun yi aiki. Na kwashe kwanaki ina ƙirga, layi bayan layi, akwai ko babu, har idona ya riƙa ganin shuɗi a jikin bango.

Awon fosfaras shi ne na ƙarshe. Ana narkar da garin ganyen a ruwan asid, a tace, a ɗiga masa wani magani, sai ruwan ya koma shuɗi. Gwargwadon yawan fosfaras, gwargwadon zurfin shuɗin, na'ura ce take karantawa ta ba da lamba. Da na ba Baba labari sai ya tambaya ko ana barin baƙo ya shiga. Na tambayi Malam, ya ce a zo da shi.

Ran Asabar da safe ya sa kayansa na zuwa coci. A ƙofar ɗakin gwaji ya tsaya yana shaƙar warin wurin. Suka gaisa da Malam, gaisuwar dattawa mai tsawo, har da tambayar damina. Na ba shi farar riga ya sa a kan kaftaninsa. Na ɗiga maganin a kwalabe goma sha biyu na farko, muka zauna muna kallo launi yana fitowa. Ya gama fitowa ke nan wuta ta ɗauke. Mai kula da janareta ya tafi sayen abinci, launin kuwa ba ya daɗewa bai fara canzawa ba. Na shiga kai da kawo tsakanin taga da ƙofa.

Baba ya tashi ya ɗauki kwalaben ya kai bakin taga, ya sa farar takarda a bayansu. Lambobin jikinsu na ɗakin gwaji ne, bai san wacce ce ta wane bokiti ba. Ya riƙa ɗaga biyu-biyu yana karkata kai, ya ajiye wannan hagu, wancan dama. Bai yi minti goma ba ya jera su daga mafi haske zuwa mafi duhu.

"Malam, rubuta yadda na jera," in ji shi. "In injinku ya farka mu gani."

Malam ya rubuta yana murmushi. Can mai janareta ya dawo, na'ura ta yi ɗumi, na shiga sa kwalaben ina kiran lamba Malam yana bin jerin da biro. Ta ɗaya daidai. Ta biyu daidai. Da muka kai ta shida Malam ya daina murmushi ya gyara zama. A cikin goma sha biyun, biyu kawai Baba ya sauya wa wuri, su ma maƙwabtan juna ne, tazararsu a na'ura ba ta taka kara ta karya ba.

"Baba, ashe da na'ura a gida muke ta wahala," in ji Malam.

Baba bai yi dariya ba. Biyun nan yake kallo. "Da shekarun baya ne, da ban kuskure su ba," in ji shi. Daga nan ya shiga ba Malam labarin sashen rini, yadda ake kawo masa ƙyalle daga kasuwa a ce a fitar da irinsa, yadda shuɗi yake yaudarar ido in hadari ya haɗu. Ina aiki ina saurare. Yawancin labaran ban taɓa jin su ba, ni da aka haifa da albashin masaƙar.

Da na haɗa lissafin gaba ɗaya, amsar ta fito fili. Inda babu taki da inda aka sa rabi, masu fumfuna sun fi nauyi, sun fi fosfaras, ba kusa ba. Masu rabin taki da fumfuna ma sun kusa kamo masu cikakken taki marasa ita. Amma inda aka cika taki, bambancin ya kusa ɓacewa, kuma zaruruwan da na ƙirga a saiwarsu kaɗan ne. Wannan ya dame ni, na ɗauka wani kuskuren ne kuma. Malam ya ce ba kuskure ba ne, haka abin yake: shukar da ta samu fosfaras a bakin ƙofa ba ta ɓata zaƙinta a kan mai kawo mata daga nesa. Da na gaya wa Baba sai ya ce ai ko a cikin mutane ya san irinsu.

Malam ya ja mini kunne kada in rubuta fiye da abin da na auna. "Bokiti ba gona ba ne," in ji shi. "Kada ki ce manomi ya rage taki. Ki ce ga abin da ya faru a ƙasar Rido, a bokiti, a sati shida." Haka na rubuta. A shafin godiya na sa mai walda, na sa Mama, na sa Baba da aikin da ya yi, ban ruwa da awon tsayi da tsara rumfa.

Ranar kare aiki, malamai uku ne a gabana, ɗaya baƙo daga wata jami'a. Biyun na gida na sha wanke musu kwalba. Baƙon ya tambayi dalilin da ya sa na fara a makare, na ba shi labarin kashin kaji ban rage komai ba. Suka yi dariya har ɗaya yana share hawaye. Sannan ya sauya fuska ya ce, turara ƙasa kan saki wani abincin da ke ɗaure a cikinta, ta yaya na san ba tururin ne ya ciyar da masarar ba? Na ce duk bokiti talatin da shida tururi ɗaya suka sha, a duro ɗaya, hatta cokali biyun da aka sa wa marasa fumfuna daga gindin ɗorawa ɗaya aka ɗebo. In tururi ne, da duka sun ci. Ya tambayi inuwa, na gaya masa ƙuri'ar hula. Ya tambayi fantsamar ruwa, na nuna masa hoton saiwar da ta fito tas. Ya rufe littafin ya ce ba shi da sauran tambaya. Da na fito, ban taɓa jin tsayina kamar ranar ba.

Na samu takardar difloma, bayan shekara aka ƙara mini girma. Yanzu ni nake kula da ɗakin gwajin, ɗalibai biyu suna maimaita aikin da dawa da waken soya. Abu na farko da nake tambayar kowanne shi ne wa zai ba da ruwa, kuma ya zauna da shi ya yi masa bayani ko bai zauna ba.

Baba ya raba gonarsa ta Rido biyu. A gefe ɗaya ya daina ƙona kara, ya daina juya ƙasa da zurfi, yana barin saiwar bara a inda take, don na gaya masa garma tana tsinka zaruruwan. Ɗaya gefen yana nomansa yadda ya saba. Shekarar farko na tambaye shi, ya ce bai ga bambancin da zai rantse a kai ba, kuma ba zai faɗi abin da bai gani ba. Shekara ta biyu ya ce kamar akwai, amma ruwa ya yi kyau ko'ina. Bana ta uku ke nan. Tsofaffin abokan aikinsa biyu da suke noma kusa da shi sukan zo su tsaya a kan iyakar su yi ta gardama.

Ran Lahadin da ta wuce, bayan an tashi sujada, ya tare ni a ƙofar coci ya ce in kawo masa ledoji masu tsabta guda biyar da abin rubutu mara gogewa. Gyaɗar da ya sa a gangaren gonar tana yin rawaya, maƙwabcinsa ya ce tsutsa ce, shi yana zargin ƙasar. Na ce zan zo ran Asabar mu ɗebo tare. Ya ce in zo da wuri, kafin rana ta yi zafi.